Wurin Ajiye Kewa: Abin da Waƙa, Ɗinki da Dutse Ke Yi wa Mai Rashi

A wata maƙabartar sojoji da ke Vladslo, a ƙasar Beljiyam, akwai mutum-mutumi biyu na dutse, mace da namiji, kowanne a durƙushe a kan nasa dandamalin. Namijin ya miƙe baya, ya naɗe hannuwa a ƙirji ya ƙanƙame kansa, kamar wanda ya san in ya saki zai wargaje. Macen ta sunkuya, ta ƙudundune cikin mayafi, idonta a ƙasa. Ba mai kallon wani, ba mai taɓa wani. A gabansu sojojin Jamus fiye da 25,000 ne kwance, waɗanda Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ci, kuma ɗaya daga cikin duwatsun da ke shimfiɗe dab da su yana ɗauke da sunan Peter Kollwitz.

Mahaifiyarsa, Käthe Kollwitz, ita ta tsara siffofin nan, fuskokin da ke jiki kuwa nata ne da na mijinta Karl. An kashe Peter a watan Oktoba na 1914 yana ɗan shekara 18, kwanaki kaɗan da isarsa fagen daga. Abin da ya fi ci mata rai, shekarunsa ba su kai ya shiga soja ba sai da sa hannun uba, uban ya ƙi, ita ce ta taya yaron lallashinsa. Ta fara aikin kafin shekarar ta fita, ba ta gama ba sai 1932. Shekara 18 ke nan, daidai da abin da yaron ya yi a duniya. A tsarin farko gawar ɗan ce a miƙe a tsakiya, uba a wajen kai, uwa a wajen ƙafa, don girmama samarin da suka ba da ransu. Ta yi ta fama da shi har 1919 ta ajiye. Da ta dawo kansa bayan wasu shekaru, sai ta cire yaron gaba ɗaya, ta cire zancen jarumta, ta bar iyaye biyu da filin kaburbura.

Duk mai son gane abin da fasaha ke yi wa wanda aka yi wa rashi, ya tsaya a kan wannan sauyin. Ta shiga aikin da niyyar yi wa mamaci wani abu, ta fito da siffar halin da masu rai ke ciki. Dutsen bai cire mata kewa ba, duniya ma ba ta ɗaga mata ƙafa ba, domin jikanta mai sunan Peter shi ma yaƙi na biyu ya ci shi a 1942. Abin da dutsen ya yi, ya ba kewar kama da nauyi da mazauni, ta zama abin da za a je a tsaya a gabansa, a kuma juya a koma gida.

Matsalar alhini ke nan tun asali, ba shi da gaɓa. Ciwon jiki kana iya nuna wa likita da yatsa. Rashi kuwa yana ko'ina: a ƙarar buɗe ƙofa da yamma, a lambar wayar da yatsa ke nema da kansa in an sami labari mai daɗi, a kujerar da ba wanda ya ce kada a zauna amma kowa ke kauce mata. Hankali ya karɓi labarin tun ranar farko, sabo ne bai karɓa ba. Shekaru ka yi kana ajiye wa mutumin nan magana, kana sauraron takunsa, kana yi masa tanadi, yanzu duk wannan hidimar tana nan da ƙarfinta amma ba mai karɓa.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna kai-kawo a kan yadda za a yi da wannan sabon. A 1917 Sigmund Freud ya ce aikin makoki shi ne a warware igiyar da ta ɗaure zuciya da mamaci, zare bayan zare, har zuciyar ta sami sararin ɗauruwa da wani. Bayan shekara uku 'yarsa Sophie ta rasu a annobar mura, kuma a wata wasiƙa da ya aika wa abokinsa a 1929 ya amsa cewa ba a taɓa samun madadi, ko wani abu ya cike gurbin, wani abu ne dabam. Malami ya faɗi nasa, uba ya zo ya faɗi nasa. Sai matakai biyar ɗin nan da suka cika intanet, daga ƙin yarda zuwa fushi, zuwa ciniki, zuwa baƙin ciki, zuwa sallamawa. Elisabeth Kübler-Ross ta fitar da su a 1969 daga hirarrakinta da marasa lafiya masu jiran ajalinsu, daga baya aka yafa wa waɗanda aka mutu aka bari kamar rigar aro. Illarsu, sukan sa mutum ya ga kamar ya makara, ko ya tsallake aji.

Ra'ayi biyu da suka biyo baya sun fi kusa da abin da mutane ke ji a jikinsu. A 1996 Dennis Klass da abokan aikinsa suka nuna cewa masu rashi da yawa ba yanke alaƙa da mamaci suke yi ba, sauya mata kama suke yi. Suna shawara da shi a zuci, suna riƙe da halayensa, suna ba jikoki labarinsa, kuma wannan ba cuta ba ce. A 1999 Margaret Stroebe da Henk Schut, a ƙasar Holan, suka ce mai alhini lilo yake yi tsakanin fuskantar rashin da juya masa baya don a ci gaba da rayuwa. Yau kuka, gobe hidimar yara, jibi kuka. Lafiyar tana cikin lilon, wanda ya maƙale a gefe guda shi ne abin ji. Ka haɗa ra'ayoyin nan biyu za ka ga dalilin da aikin hannu ya dace da rashi kamar an gwada: yana sama wa alaƙar sabon gida, kuma yin sa kansa lilo ne.

Ɗauki waƙa, wadda ba ta buƙatar komai sai numfashi. Kuka ba shi da awo, in ya ɓarke sai ƙarfi ya ƙare. Baiti kuwa yana da ma'auni. Mai marsiyya dole ya nemi kalmar da za ta hau kari, ta kuma faɗa kan amsa-amo, kuma cikin wannan neman rabin hankalinsa na wurin mamaci, rabi na wurin sana'a. Kalmar farko da za ta zo masa ta kowa ce: mutumin kirki, mai haƙuri, mai zumunci. Ma'auni ya ƙi ta, ya nemo ta biyu, ya nemo ta uku, a nan ne yakan yi kiciɓis da abin da shi kaɗai ya sani game da mamacin. Ƙuncin tsarin ne ke tono wannan.

Al-Khansa'u, wadda ta rayu a ƙarshen jahiliyya da farkon Musulunci, ta shafe shekaru tana yi wa 'yan'uwanta biyu marsiyya, musamman Sakhru. Yabon jarumta kowane mawaƙin zamaninta ya iya shi, ba shi ya raya waƙoƙinta kusan shekara 1,400 ba. Ita ta ɗaura kewarta ne a kan agogon duniya, fitowar rana na tuna mata shi, faɗuwarta ma haka. Ta kuma furta abin da masu rashi ke jin nauyin faɗa, cewa ganin wasu na kukan nasu 'yan'uwan ne ke riƙe da ita, duk da tana ganin ba wanda ya rasa irin nata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma jin ɗigar ruwa a ɗakin maƙwabci ma wani sauƙi ne. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta bar marsiyyoyi da dama cikin Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello bayan rasuwarsa a 1837, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha, har da wata maƙwabciyarta Halima da ba ta da sarauta ba ta da muƙami. Ko a ta Bello, mutumin da ya yi mulki ya yi yaƙi, hali ta fi bi: ilimi, tsoron Allah, taimakon mabuƙata. A hannunta marsiyya kan zama rajistar abin da bai kamata a binne tare da gawa ba.

Sai tufafi. Duk wanda ya taɓa kwashe kayan mamaci ya san nan ne gizo ke saƙar. Hoto fuska kawai yake nunawa, riga kuwa tana riƙe da jiki: inda gwiwar hannu ta cinye yadin, inda wuya ya koɗe, ƙamshin da ke raguwa duk buɗewar akwati. Na taɓa zama da wata mata da ta ƙudurta haɗa rigunan mijinta ta yi wa 'ya'yanta abin rufa. Ta shimfiɗa rigar farko, ta ɗauki almakashi, ta ajiye. Ta sake ɗauka, ta tsaya gyara zaman aljihun, sai ta ciro wata takarda da ta sha wanki har rubutun ya goge. Ta juya ta gaba da baya, ta tura ƙarƙashin cinyarta. Yankan farko ya ɗauke ta kusan awa guda. Na biyu bai kai minti ba. Can an jima tana gunaguni wai shuɗin nan ba zai zauna kusa da ruwan ƙasa ba, tana aiken ƙaramar 'yarta ta nemo mata zare. Matar da ta fara da rigar mijinta ta koma aiki da yadi. Bayan makonni, da aka gama, yadin ya sake komawa rigar mijinta a jikin yaran da ke barci.

Irin wannan ɗinkin ya sha fita daga ɗaki ya shiga tarihi. A ƙasar Chile, bayan juyin mulkin soja na 1973, matan da aka ɗauke wa maza da 'ya'ya ba a sake jin ɗuriyarsu ba sun riƙa taruwa a ƙarƙashin inuwar cocin Katolika suna ɗinka ƙananan hotuna da ƙyallaye a kan buhu, wasu da guntun tufar wanda ya ɓace. Nasu rashin babu gawa babu kabari, hukuma ma ba ta yarda an yi shi ba, sai ɗinkin ya zama shaida, ana fitar da shi ƙasashen waje a lokacin da jarida ba ta isa ta yi magana ba. A Amurka kuma, sa'ad da cutar ƙanjamau ke ɗibar matasa, tsangwama ta kai wasu masu shirya gawa na ƙin karɓar mamatan, wasu iyalai na ɓoye musabbabin mutuwar. A 1987 Cleve Jones, wani ɗan gwagwarmaya a San Francisco, ya yi ƙyalle na farko da sunan abokinsa, ya kira mutane su yi nasu. Girman kowanne ƙafa uku a faɗi, shida a tsawo, awon kabari ke nan. A watan Oktoba na shekarar aka shimfiɗa guda 1,920 a babban filin da ke tsakiyar birnin Washington. Yau sun kai wajen 50,000, nauyinsu ya haura tan 50. Da yawa daga masu ɗinkin ba gwanaye ba ne, kuma ana gani, zare a karkace, haruffa wani ya fi wani. Amma wa zai tsaya a gaban ƙyallen ɗan wani ya ce ɗinkin bai yi kyau ba?

Suna shi ne ginshiƙin duk wannan. Adadi ba ya shiga zuciya, in aka ce mutum 58,000 kai kawai ake gyaɗawa. Maya Lin tana ɗalibar jami'ar Yale, 'yar shekara 21, ta lashe gasar tsara wurin tunawa da sojojin Amurka da suka mutu a yaƙin Biyetnam, cikin zane 1,421 da aka gabatar a 1981. Ba ta yi doki ba, ba ta yi jarumi riƙe da bindiga ba. Bango ta yi na baƙin dutse, a nutse cikin ƙasa, ɗauke da sunaye kusan 58,000, babu muƙami a gaban kowanne, janar da kurtu ɗaya. Ba a jera su bisa haruffa ba, ranar da kowa ya faɗi aka bi, kuma wannan zaɓin ba ƙarami ba ne. Da haruffa aka bi, da uwa ta tarar da ɗanta cikin jerin masu suna iri ɗaya kamar a kundin lambobin waya. Da aka bi rana, tsohon soja kan tarar da abokansa da suka mutu tare suna nan kusa da juna. An goge dutsen har ya zama madubi, mai karanta suna na ganin fuskarsa a bayan haruffan. Da farko an yi ta suka, wasu na cewa tabon kunya ne, har sai da aka ƙara mutum-mutumin sojoji uku a gefe a 1984 don ƙura ta lafa. Amma tun buɗe shi a 1982 masu ziyara suka ƙirƙiro abin da ba ya cikin tsari: su ɗora takarda a kan suna, su goga fensir har ya fito, su naɗe su tafi da shi gida. Suna kuma barin wasiƙu da takalma da lambobin yabo a gindin bangon, hukuma na kwashewa tana adanawa. Mai zane ta yi rabin aikin, masu rashi suka ƙarasa.

A wurin tunawa da kisan kiyashin Ruwanda na 1994 da ke Gisozi a Kigali, inda aka binne mutum fiye da 250,000, ɗakin yara ne ke karya zuciyar masu ziyara. Babban hoto, suna, shekaru, wasan da yaro ya fi so, babban abokinsa, sannan layin ƙarshe, yadda aka kashe shi. Bayani ne ɗan kaɗan, irin wanda uwa ce kaɗai ke riƙe da shi.

A Turai wani mai fasaha Bajamushe, Gunter Demnig, ya bi wata hanyar. Tun shekarun 1990 yake dasa ƙananan duwatsu masu fuskar tagulla, santimita 10 a kowane gefe, a daɓen titi, a ƙofar gidan ƙarshe da wanda 'yan Nazi na Hitler suka kama ya zauna da son ransa. Rubutun kan fara da cewa a nan wane ya zauna, sai shekarar haihuwa, lokacin da aka tafi da shi, da inda aka kashe shi. A 2023 aka dasa na 100,000. In za ka karanta dole ka sunkuya. Amma birnin Munich ya hana dasa su a filayen gwamnati tun 2004, kuma kan gaba wajen adawa ita ce shugabar al'ummar Yahudawan birnin, Charlotte Knobloch, wadda ita ma da ƙyar ta tsira, tana ganin ba daidai ba ne a sake taka sunayen mutanenta da takalmi. Ni dai ban ga mai kuskure a cikinsu ba. Abin da wani mai rashi ya ɗauka girmamawa, wani cin fuska yake gani, kuma duk mai yin fasaha da mutuwar jama'a ya kwana da sanin haka.

Wani lokacin ma fasahar ba ta wuce a shirya wuri ba. A garin Otsuchi na Japan, wani mai tsara lambuna, Itaru Sasaki, ya kafa farar rumfar tarho a lambunsa a 2010 bayan rasuwar wani ɗan'uwansa, ya sa tsohon tarho baƙi wanda ba a jona shi da kowane layi ba. A watan Maris na 2011 igiyar ruwan tsunami ta share garin, ta tafi da kusan kashi ɗaya cikin goma na mutanensa. Ya buɗe rumfar ga kowa, dubban mutane suka riƙa zuwa. Kowa ya san ba mai ɗauka, to me ake zuwa yi? Mutum ba zai iya tsayawa a tsakar ɗaki ya yi magana da iska ba, zai ji kamar ya zautu. Amma hannu ya san yadda ake ɗaga kan tarho, baki ya san abin da ake faɗa in an kara shi a kunne. Aron sabo rumfar take bayarwa, sai maganar da ta maƙale tun ranar da ruwa ya zo, ban kwana ce ko neman gafara ko labarin cewa yaro ya ci jarrabawa, ta sami hanyar fita. Sannan a ajiye kan tarhon, a tura ƙofa, a fito. Fitowar nan ma tana cikin maganin.

To, kada a ɗauka abin duk zuma ne. Ranar 5 ga Satumba 1879 Camille, matar mai zane Claude Monet, ta rasu tana da shekara 32. Ya zauna a gefen gadon ya zana ta. Bayan shekaru ya gaya wa abokinsa Georges Clemenceau cewa ya kama kansa yana bin yadda launuka ke sauyawa a fuskarta, shuɗi da rawaya da ruwan toka, kafin ma tunanin adana kamanninta ya zo masa, har ya kwatanta kansa da dabbar da ke juya dutsen niƙa. Zanen na nan a gidan tarihi na Orsay a Paris. Wannan shi ne ɗaya gefen lilon da na yaba ɗazu. Tazarar da sana'a ke bayarwa tana iya zama hutu, tana iya zama maɓoya. Akwai marubutan da tun a bakin kabari suke tsara jimla a ka, su kuma tsani kansu a kan haka. Ban ɗauke shi laifi ba, ido ne da ya saba da aikinsa. Sai dai wanda ya mayar da kowane rashi kayan aiki yana iya wayar gari bai taɓa yin kukan ba.

Bincike ma bai ba da goyon bayan da masu tallar abin ke nunawa ba. A 1986 James Pennebaker ya gano cewa ɗaliban da suka rubuta abin da ke damunsu na minti 15 a rana, kwana huɗu a jere, sun rage zuwa asibiti. Da aka gwada irin wannan rubutun a kan masu rashi, sakamakon bai taka kara ya karya ba, Stroebe da abokan aikinta ba su ga ya gaggauta sauƙi ba. George Bonanno na jami'ar Columbia kuma ya nuna cewa kaso mafi girma na masu rashi kan farfaɗo da kansu ba tare da wani shiri na musamman ba. Saboda haka wanda bai ji sha'awar rubutu ko zane ba, babu abin da ya ragu a alhininsa, kada a matsa masa. Akwai kuma 'yan kaɗan da abin ke riƙe wa wuya, wata da watanni ba aiki ba barci ba sha'awar rayuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan a jerin cututtuka in ya haura aƙalla wata shida da tsananinsa, likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka kuma suka sa shekara guda a nasu kundin a 2022. Mai wannan hali likita yake buƙata, fenti ba zai wadatar ba.

Sai tsohuwar fargabar da addini ya daɗe yana nunawa, wadda bai kamata a yi mata kallon rashin wayewa ba. A Suratu Nuhu an ambaci Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru. Ruwayar Ibnu Abbas a Bukhari ta ce sunayen mutanen kirki ne, da suka mutu aka kafa musu alamu a wuraren zamansu, ba a bauta musu ba sai da waɗanda suka kafa suka shuɗe, aka manta dalili. Ko an ajiye batun aƙida a gefe, labarin ya san halin ɗan Adam: abin tunawa kan cinye wanda ake tunawa. Ɗakin da aka kulle shekara goma ba a taɓa ko tsinke ba, shi ma wani mutum-mutumi ne. Hawaye kuwa ba a hana ba. Annabi (SAW) ya zubar da su ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Hassanu bin Sabit kuma ya yi masa marsiyya bayan wafatinsa. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi, wato alhinin da ya ɓalle daga kowane ma'auni. Iyakar da aka ja a nan ba ta da nisa da wadda baiti ke ja.

Akwai maganar iko. Taj Mahal, wanda Sarki Shah Jahan ya fara ginawa a Agra a 1632 bayan matarsa Mumtaz ta rasu a haihuwarta ta 14, ya ci ma'aikata wajen 20,000 da shekaru wajen 20. Kewa ce ta gaske, amma kuma sanarwa ce ta mai riƙe da baitulmali. Matan magina nawa suka rasu a kan gwiwa cikin waɗannan shekarun? Ba a ɗora musu dutse ko ɗaya ba. Ko a cikin gida ɗaya haka abin yake, wanda ya iya rubutu shi ke mallake mamaci. In ɗa ya wallafa labarin jinyar mahaifinsa, har da ruɗewar ƙarshe da abin da aka faɗa a ɗaki, 'yan'uwan da aka yi jinyar da su ba a tambaye su ba, mai labarin kuma ba ya nan balle ya ce a sakaya.

Yanzu ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke haɗiye saƙonnin mamaci da muryarsa su riƙa amsa maka kamar shi ne. Bambancinsu da rumfar Otsuchi a fili yake. A can shiru ne ke amsawa, kuma shirun na cikin aikin, shi ke tabbatar wa mai kira abin da ya faru. Na'urar da ke mayar da magana ta cire wannan. Ba hannunka ya yi ta ba, ba ta da ranar gamawa, kuma akwai kamfanin da ribarsa ke cikin kada ka ajiye kan tarhon.

Aikin Kollwitz kuwa ya zo ƙarshe. A 1932 ita da Karl suka je Beljiyam ganin an kafa siffofin, a lokacin a maƙabartar Roggevelde, kafin a mayar da kaburburan da duwatsun Vladslo a shekarun 1950. Mutanen dutsen ta raba su, kowa da nasa ciwon. A littafin da take rubuta al'amuranta na yau da kullum ta ce ta tsaya a gaban macen, ta dube ta, ta ga fuskarta ce, ta yi kuka tana shafa kumatun dutsen. Ba ta ma san Karl na tsaye dab da bayanta ba, sai da ta ji shi yana raɗa: "E, e."